Rigar da Ka Ce Ni Na Ɗinka

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da amaryarmu da yaran. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a inda kuke, ya sa takardar nan ta iske ka a zaune, ba a bakin ƙofa kana laluben makulli kamar yadda ka saba ba. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ta yi wa kowa faɗa, ka san kuwa alamar lafiyarta ke nan. Baban yara ya koma aiki. Babbar 'yata ta ci jarrabawa, ƙaramin kuma ya fasa gilashin tagar maƙwabta, kowa dai da abin da ya iya.

Auta, na rubuto ne don na gwada faɗa maka a waya bakina ya ƙi. Maganar rigar nan ce mai ruwan toka, wadda ka tarar a babban kanti a can, ka ga sunan ƙasarmu da na masana'antar da nake aiki a bayan wuyanta, ka saya ka sa, ka turo mana hoto baki har kunne. Ka ce ka zaga da ita wurin aikinku kana nuna wa kowa ɗinkin yayarka. To ba ni na ɗinka ta ba. Babu ma wanda ya ɗinka ta a ƙasar nan.

Ka fi ni sanin tsarin, kai da ke can. Ƙasar da kake ta yarda kayan da aka ɗinka a ƙasashe masu tasowa irin tamu su shiga kasuwarta ba haraji, don mu ma mu samu aikin yi. Wasu ƙasashen kuwa sai sun biya haraji mai nauyi. Masu masana'antarmu suka hango ƙofa. Rigunan a ɗinke suke zuwa mana daga wata ƙasa, cikin kwalaye, an goge an naɗe, har maɓalli an sa. Aikinmu mu zare su daga leda, mu sa reza mu farke ɗan ƙyallen bayan wuya, mu ɗinka namu a wurin, a bi da dutsen guga mai tururi, a mayar cikin kwali. Ni da Inna ta zaunar a gaban keken ɗinki tun ƙafata ba ta kai feda ba, ni da na yi maka wandon makaranta da ragowar yadi har malaminku ya tambayi telan, abin da nake ɗinkawa yanzu bai kai tsawon ɗan yatsana ba. In kana shakka, juya wuyan rigarka ka ɗaga ta ga haske. Za ka ga hudar allura layi biyu, na ciki ne nawa.

Kwanakin baya baƙi suka zo daga can duba aiki. Tun jajibere aka share ko'ina, aka kwashe kwalayen zuwa wani sito a bayan gari, aka fito da bandiran yadi daga inda ban taɓa sanin muna da su ba. Aka raba mana yankakkun riguna, aka ce kowa ta duƙufa. Da yake hannuna ya fi faɗawa, ni aka sa a keken farko, kusa da ƙofa. Wata dattijuwa cikin baƙin ta tsaya a kaina tana kallon yadda nake haɗa kwala, ta dafa kafaɗata, ta sa mai fassara ya gaya mini cewa saboda mata irina suka yi ta fafutuka a kafa wannan tsari. Idonta har da ƙwalla. Na yi mata murmushi, na ce mun gode. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi cin raina kuma, ranar ce kaɗai na ji daɗin aikin, don ranar na yi ɗinki na gaske. Motarsu na fita aka karɓe yadin.

Ga inda abin ya shafe ka. Da Manaja ya ji ina da ƙane a can, ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya ce suna neman 'yan ƙasa mazauna waje su sa jari a sabon reshe, gara riba ta tsaya a gida. Kaina ya kumbura, na ba shi lambarka da hannuna. Bai jima ba ya mai da ni shugabar layinmu, na kuma karɓa. Na yi ta gaya wa kaina ai Auta mai wayo ne, zai bincika. Sai ga ka a waya kana cewa ba ka bukatar bincike tunda yayarka na ciki, za ka zuba duk abin da ka tara, ka ajiye aikin ka dawo kusa da Inna, har abokan aikinka biyu sun ce za su bi ka. Ni kuwa sai na ce Allah ya sa albarka. Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Na san yadda ka tara abin nan, tsayuwa cikin sanyi, da shekarun da ba ka zo gida ba. Ranar da mutanen can suka gano, kuma za su gano, rufe ƙofar za su yi. Masu wurin su naɗe kayansu su koma wata ƙasar, kai da ka sa hannu kai za a bari da kekunan da babu yadi a kansu.

Don haka kada ka sa hannu, Auta. Ka kira Manaja ka ce ka fasa, ka kuma tsayar da abokanka. Roƙo ɗaya nake yi, na san ka da zafin kai: kada ka kai maganar gaban hukuma. Ba don ni ba. Wadda ke zaune kusa da ni mijinta ya rasu, da wannan farke-farken take ciyar da marayu, kuma irinta suna da yawa a ɗakin. Ban ce daidai muke yi ba, na dai rasa yadda zan raba gaskiyar da bakin yaran nan. Kuma kada ka wahalar da kanka neman dalilin da za ka ba Manaja don ka rufa mini asiri. Ba yaro ba ne. Duk abin da ka ce masa, ya san daga inda iskar ta kaɗo.

Inna ba ta san komai ba. Hotonka na cikin wayarta, duk wanda ya shigo gaishe ta sai ya gani, ko da mai kawo ruwa ne, tana cewa ɗanta ne a cikin ɗinkin 'yarta. Rannan ta ce in nuna mata yadda nake fitar da kwala haka sumul, na ce mata kekunan zamani ne.

Ka gaida amaryarmu, ka ce na ga saƙon man shafawa, Allah ya saka. Ka shafa mini kan Mai Kunnen Ƙashi da 'Yar Lele. Inna na gaishe ku, haka Kawu da Gwaggo, da baban yara da yaran duka. Ka yafe mini shirun da na yi. In ka kira ranar aiki da rana tsaka ka ji ni a gida, ka gaishe ni kawai, kada ka tambayi dalili a gaban Inna.

Taka,
Yaya Babba