Shayin Kaka Stanojka da tukunyar fure

Anti Zorka, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle!

Muna zaune da kakar mijina, Kaka Stanojka. Anti, matar nan mai baiwa ce! Duk macen da ciwon sanyi ya kama a ƙauyenmu ƙofarta take bugawa. Da kanta take hawa dutsen Zlatibor ta tsinko ganyen uva, ta shanya, ta haɗa da gemun masara. Bara kofi kaɗan na sha na warke, har na ɗora hotonta a waya, mutane suna ta yabo. Ko kan siminti ta gan ki zaune sai ta kore ki da tsintsiya, wai sanyi ta ƙasa yake shiga mace.

To yanzu ciwon ya dawo, fitsari kamar barkono. Amma ina da ƙaramin ciki! Cikina na baya ya zube, Kaka ta fi kowa kuka, shi ya sa ni da mijina Vukašin muka ce za mu yi shiru sai ya yi ƙwari. Na gani a waya cewa mai ciki ba ta shan uva, sai na dinga juye shayin a tukunyar furenta ta bakin taga. Furen ya fara yaushi. Yanzu ta daina dafa min, sai saƙa take yi, ina shigowa ta tura ƙarƙashin filo. Ina jin fushi take, wai na raina maganinta. Ya zan yi?

Mai Shayar Da Fure

'Yata,

Farko dai, asibiti yau ɗin nan, a gwada fitsarinki. Sanyi ga mai ciki ba abin jira ba ne, yana iya hawa ƙoda, ya taɓa abin da kike ɓoyewa. Kin kyauta da ba ki sha uva ba.

Shirunki na gane shi, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura. Amma ita ma a duba ta: matar da ta tsufa tana yi wa mata magani ta san wanda ake ba ganyen nan da wanda ake hanawa. Mai fushi faɗa take yi, ba ta ɓoye saƙa. Idan kin dawo daga asibiti, ki zauna kusa da ita, ki roƙe ta ta ɗaga filon. Ina kyautata zaton safar jariri ce a ƙarƙashinsa, ko babban yatsanki ba za ta shiga ba.

Allah ya raba lafiya. Furen kuma a koma ba shi ruwa.

Anti Zorka