Verlin Da Lamba 4417

Iowa, 6 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Marlys,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki. Ina fata kina lafiya, kuma gwiwar nan ta sassauta miki. Yaya ɗanki Dwight da iyalinsa? Mu nan lafiya lau, sai tumatir da ya yi mini yawa a lambu.

Na ga wasiƙarki, na kuma ga kin sake tayar da maganar ɗakin da ya zama babu kowa tun rasuwar mijinki. Na gode, Yaya, amma ba zan taso ba. Shekara arba'in da ɗaya ina gidan Verlin, ba yanzu zan naɗe kayana saboda akwatin rediyo ba.

Kin tambaya ko yana nan da halinsa. Ai abin gaba ya yi. Kin tuna a da, 'yan sanda da layinsu, 'yan kwana-kwana da nasu, motar asibiti da nata, sai ya murɗa rediyonsa ya ɗan saurari kiransu ya hawo cin abinci. To yanzu gunduma ta haɗe su duka a tsari ɗaya na kwamfuta. Magana tana tsalle daga wannan layi zuwa wancan, kowane rukuni da lambarsa, sai na'urar da ta san lambar ce take iya bin su. Ba shiri mutumin naki ya sayo sabuwa, ya kafa eriya a kan rufi, ya tare a ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan.

Su bakwai ne a ƙungiyar tasu, ƙaraminsu ya ba sittin baya. Duk Asabar da safe suna haɗuwa a gidan abinci kan fanke da kofi, kowa da littafinsa, suna karanta wa juna lambobi kamar masu addu'a. Har doka gare su: abin da ka ji ba ka zuwa wurin, ba ka sa baki. Ka ji, ka rubuta, shi ke nan. Gidan mutum yana ci da wuta, su suna gardama kan ƙarfe nawa aka yi kiran.

Yanzu wata lamba ce ta hana shi sakat, 4417. Sau ɗaya ko biyu take magana a mako, kuma babu wanda ya san ta su waye ce. Wanda ya fara ganowa, sunansa zai shiga jerin da suke ajiyewa a intanet. Shi da Merle Huck, wancan mai tsohon shagon taya, sun zama kamar zakaru biyu a kanta. Don kada ta wuce shi, sai Verlin ya kulle na'urar a kan lambar ita kaɗai, ya toshe duk sauran, ya rufe kunnuwansa da abin sauraro. Ƙato da furfurarsa, wuni guda yana zaune yana sauraron shiru. Jiya na kai masa abinci na ce, "Ranka ya daɗe, me gunduma ta ce yau?" Ko juyowa bai yi ba, yatsa ɗaya ya ɗaga mini, wai, "Darlene, don Allah, za ki sa ta wuce ni."

Ki gaishe mini da kowa. Zan aiko miki da kwalabar tumatir idan na gama dafawa.

Taki har kullum,
Darlene

Asibitin gunduma, 19 ga Satumba

Yaya Marlys,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan hankalinki ya kwanta. Kada ki taso, likita ya ce ƙashin ƙugun zai haɗe. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake. Dwight ya ji rabin labarin a waya, ga cikonsa.

Ranar Talata wajen ƙarfe uku na rana na hau kujera zan sauko da kwalabe, kujerar ta zame. Inda na faɗi a kicin, Yaya, daidai saman kan Verlin ne. Katako kawai ya raba mu. Na kira shi har muryata ta dishe. Na jawo ludayi na yi ta dukan ƙasa har ya lanƙwashe. Da na ga ba sarki sai Allah, na ja jiki zuwa wurin waya. Minti arba'in na yi tsakanin murhu da tebur, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Da na kira lambar agaji, sai aka sanar a rediyo: mace mai shekara sittin da shida ta faɗi, ga titi, ga lambar gida. Cikin tsofaffin nan bakwai, shida sun ji. Wanda bai ji ba shi ne wanda yake cikin gidan, don ya toshe rukunin motar asibiti da hannunsa.

Merle ya riga motar isowa, da silifas a ƙafarsa. Ya naɗe rigarsa ya sa mini a ƙarƙashin kai, sannan ya sauka ƙasa. Ina jin sa yana cewa, "Kai kurma, matarka tana kwance a sama!" Verlin ya hawo da fensir a hannu. Ashe a daidai lokacin 4417 ta yi magana. Kin san ko su waye? Mutum biyu masu kwashe mushen barewa daga kan titi. Abin da aka yi wata biyu ana farauta ke nan, kuma yanzu sunan mijina yana intanet a gefen lambar.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ya yi kuka a bakin gadona, na kuma ji tausayinsa. Amma kashegari, yana ɓare mini lemo, sai ya ce a hankali, "Sai dai fa Merle ya karya doka." Na ce ya maimaita. Ya ce ai shi ma ya gode masa, amma doka doka ce, wanda ya ji ba ya zuwa wurin. Ranar Asabar har sun zauna a kan maganar, huɗu suka ce a yafe wa Merle, biyu suka ce a ja masa kunne. Ban tambayi ɓangaren da Verlin yake ba, don ina tsoron amsar.

Maganar ɗakin, ki bar ta tukuna. Ya rantse zai gyara, ni kuma ina so in gani da idona.

Ƙanwarki,
Darlene

Iowa, 24 ga Oktoba

Yayata Marlys,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara, ina sanar da ke na dawo gida mako biyu ke nan. Ina takawa da sanda, daga gado zuwa kicin.

Verlin ya cika alkawari, ya gyara. Ranar da na dawo na tarar da wata 'yar rediyo a kan tebur, mai maɓallin magana a gefe. Ya yi kwana uku yana haɗa ta da na'urarsa. Wai ya ba ni layi nawa ni kaɗai, ya kuma sa shi a gaban kowa, duk bayan daƙiƙa biyu na'urar za ta leƙa ta ji ko na yi magana. Yana bayani fuskarsa tana sheƙi. "Darlene, yanzu ke ce ta ɗaya, kin fi 'yan sanda, kin fi kwana-kwana." Bayan shekara arba'in da ɗaya, Yaya, na samu lamba.

Kada ki ce ban gwada ba. Ranar Laraba da la'asar na dafa kofi, na fito da kofuna biyu, na yanka kek ɗin tuffa da matar Merle ta kawo. Na zauna na danna maɓallin. Na ce, "Verlin, hawo mu sha kofi."

Nan take ya amsa, murya cike da murna: "Na ji ki raɗau! Ko ƙara babu. Sake faɗa daga bakin taga mu gani."

Wautata, na tashi da sandata na je bakin taga na sake faɗa. Ya ce nan ma tas. Na koma na zauna ina kallon ƙofar ɗakin ƙasa har kofin ya huce. Bai hawo ba. Da safe na leƙa littafinsa, ga shi da kyakkyawan rubutunsa: ranar, ƙarfe huɗu da minti goma, Darlene, kicin, sauti mai kyau.

A asibiti ina ta gaya wa kaina rashin ji ne ya hana shi zuwa. Yanzu ya ji, kuma ba ni da sauran uzurin da zan ba shi. Ba fushi nake yi ba, Yaya, fushin ya ƙare tun a ƙasan kicin. Raini ne ya rage, kuma ba na so in ƙarasa kwanakina ina raina mutumin da na taɓa so.

Ki share ɗakin. Ki ce wa Dwight ya zo da mota ranar Asabar da safe, akwatina biyu ne da sanda. Zan gaya wa Verlin ranar Juma'a, ta rediyon, tunda ta nan yake ji. Na san zai rubuta lokacin daidai.

Sai na iso.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Darlene