Ga Makullin, Ki Kai Mu Farasan

Ya ke Jawahir, furen ful mai ƙamshin asuba, mangwaron farkon kaka, inuwar da nake gudu zuwa gare ta idan ranar Jizan ta tsaya a tsakar ka!

Tun da kika ɗauki jaka kika tafi Sabya wurin yayarki Hailah, gidan nan ya zama rijiya ba guga. Na sha yi wa mawaƙan dā dariya, masu tsayawa a kufai suna kuka don an tashi an bar su. Ashe su ma yunwa ce! Jiya na gwada haɗa abincin nan namu, marsa, da kaina. Ayaba ta kama gabanta, zuma ta kama nata, kyanwa ta shinshina ta dube ni da tausayi.

A kan me muka ɓata, ya sanyin idona? Ba mun shimfiɗa taswirar tsibiran Farasan mun shirya komai lafiya ba? Muka ce ba ruwanmu da jagora mai usur. Mu biyu da motarmu, mu shiga jirgin ruwa, mu sauka, mu bi hanya duk inda ta ga dama. In barewa ta gitta mu tsaya. In mun haye gadar Sajid yashi ya yi mana fari, mu kwana. Sai kika ce ke za ki tuƙa. Ni ban ce a'a ba, tari kawai na yi. Kika naɗe taswirar kika ɗora mini a cinya, kika ce, "Baban Rayyan, ko ni a sitiyari, ko ka tafi da wannan ta dafa maka."

Kin ce tun da kika karɓi lasin, duk ranar da kika ɗauke ni sai na yi ta taka birkin da babu shi a gefena, ina karanta addu'ar tafiya da ƙarfi, alhali gidan burodi za mu. Ƙafata ce, ba ni ba. Addu'a kuwa, tun yaushe ta zama zagi? Na kai ƙara wurin abokina Shau'i muna shan gahawa, ina sa ran ya goya mini baya. Ya kurɓa, ya ce, "Malam, kai da ka miƙa wuya tun ranar ɗaurin aure, a kan sitiyari za ka tuna kai namiji ne?"

Kin tuna shekararmu ta fari, da kika kai ni tsibirinku na Farasan lokacin zuwan kifin harid? Kika shaƙi iskar yamma kika ce yana tafe. Da safe aka tare shi a bakin gaɓa, aka ba da izini, maza suka afka ruwa. Ni ma na tattare riga na afka. Kowa ya fito da kifi mai launin bakan gizo, ni na fito riƙe da ƙafar kawunki. Dariyar da kika yi a ranar, har kina dafa kafaɗar Hailah, ita nake nema. Wace teku ce ta kai ta faɗi? Wane lu'ulu'u aka taɓa tsamowa da ya kai haƙoran da na gani?

Yanzu ga lokacin ya sake matsowa, shi kuwa harid ba ya aiko da goron gayyata. Sai mai motar kansa, wanda ba a kaɗa masa agogo, shi zai zauna ya jira shi. Amma na ji ƙanenki Jubran ya ce zai kai ki a bas ɗinsa tare da surukansa. Jubran! Mutumin da ke ba faɗuwar rana wa'adi, in ba ta faɗi ba ya danna ham! Da shi za ki shaƙi iskar nan? Ki yi dariyar nan ni ina Jizan da kyanwa? Wallahi da haka, gara ki jefa ni daga kan gadar.

Ki girgiza ambulan ɗin nan. Abin da kika ji ya yi ƙara makullin motar ne, kuma kin san ba shi da ɗan'uwa tun da ɗayan ya bi wanki. Na kama wa motar wuri a jirgi da sunanki. Tana ƙofar gida tana shan ƙura, ni ina takawa makaranta a ƙasa, ɗalibaina na gaishe ni daga tagogin motocin iyayensu. In ba ki zo ba, daga ni har ita ba inda za mu.

Na yi alkawari zan zauna a gefenki na tanƙwashe ƙafafu a kan kujera, butar gahawa a hannu biyu. In kin ɓata hanya, zan ce dama nan na yi niyya. Addu'ar dai ba zan fasa ba, amma a zuci, kuma rabinta godiya ce.

Naki har ranar da harid zai manta hanyar Farasan,
mijinki, fasinjanki,
Mufarrih