Idon Mma Yana Jiranka

Nima, Accra

Zuwa ga ƙanena Ishawu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Sadia da jaririyarku da har yau ba mu ɗauka ba. Allah ya raya ta, ya tsare mata ƙirji daga sanyin Italiya. Mu nan sai godiya. 'Yata Hamdia ta gama sakandare, tana taya ni sayar da waakye, shinkafa da wakenmu, a bakin titi. Maigidana yana nan yana fama da trotro, motarsa ta haya, yau ta tashi gobe ta ƙi. Na san za ka yi dariya ka ce Yaya Barikisu ta koma zamanin da, ga waya a hannu tana rubuta wasiƙa. Yi dariyarka. Dramani ɗan maƙwabtanmu, da ya zo hutu daga wajenku, shi zai miƙa maka hannu da hannu, domin maganar da ke ciki waya ce ta ɓata ta.

Maganar idon Mma ce. Yanar nan ta rufe na hagu ruf, na dama ma inuwa kawai yake gani. Matar da a da take hango mu tun daga bakin babbar kwata ta gane wanda ya yi dambe a makaranta, yanzu sai ta lalubi bango kafin ta kai banɗaki. Likitocin ido sun zo unguwar Maamobi suna duba tsofaffi kyauta, na kai ta, suka ce ƙaramin aiki ne, a cire yanar ta gani. Har an ba mu rana. Mma ta yi murna, ta sa Hamdia ta wanke mata farin mayafinta. Ana gobe za mu tafi sai ga bidiyon da ka turo guruf ɗin gidanmu, na mutumin nan mai farar riga da ke rantsuwa wai masu aikin kyauta suna zare wani abu daga idon tsofaffi su sayar a Turai. Har ka rubuta a ƙasa wai mu kula. Haba Ishawu! Ka san mutumin ne? Ka ma kalla har ƙarshe? Hamdia ta kunna ba ta san abin da ke ciki ba, Mma na zaune a tabarma ta ji komai. Ta tambayi wa ya turo, aka ce kai ne. Shi ke nan, ta ninke mayafin, ta ce ɗanta yana can inda ake sayen abin, ya fi kowa sani.

Babu irin lallashin da ban yi ba. Na kawo mata ƙawarta Salimatu, wadda aka yi wa aikin bara, ta zauna a gabanta ta zura zare a allura don mu shaida. Mma ta ce ai dole su bar mutum ɗaya da ido domin ya jawo musu saura. Liman ya zo da kansa bayan la'asar, ta saurare shi da ladabi, yana fita ta ce shi ma a waya yake jin labari kamar kowa. Na kunna mata rediyo ranar da wani likita yake bayani, ta ce biyansu ake yi su faɗa. Wallahi raina ya ɓaci har na ɗaga mata murya, na shiga ɗaki na yi kuka. Amma in na zauna na duba, ba ita kaɗai ba ce. Duk Nima yanzu haka muke. A ce ga allurar rigakafi, a ce da wata manufa. A ce wane ya rasu, sai mutum ya je ƙofar gidan ya ga tabarmi kafin ya yarda. Ka tuna rediyon marigayi Baba? In ta ce an ga wata, ba mai sake tambaya, sai dai ka ji turmi ya fara tashi a kowane gida. Ina kewar lokacin nan, Ishawu, lokacin da mutum zai ji magana ya kwanta a kanta ya yi barci.

Na san ka kira ta ka ce kuskure ne, bidiyon ƙarya ne, ta je a yi mata aikin. Na san ka yi nadama, ba kuma don in ƙara maka zafi nake rubutun nan ba. Amma ba ka san abin da ya biyo baya ba. Kana ajiyewa ta miƙo mini wayar, ta ce ta ji ana faɗa cewa yanzu akwai na'urar da ke kwaikwayon muryar kowa, har da tarinsa. Wai wanda ya ce ta kula, shi ne ɗanta, domin ɗa ne ke ji wa uwarsa tsoro. Wannan mai tura ta wajen wuƙa kuwa, ba ta san ko waye ba. Na ce to a yi kiran bidiyo ta ga fuskarka. Sai ta yi murmushi ta tambaye ni da wane idon. Tun ranar, in ka kira takan karɓa ta amsa gaisuwa, amma ka lura ba ta ƙara yi maka kirarin nan da take yi maka ba. A matsayin baƙo take gaishe ka.

Na koma wajen likitan ni kaɗai. Ya ce yanar in ta daɗe tana iya jawo wani ciwon da zai kashe idon gaba ɗaya, a lokacin ko an yi aiki ba amfani. Bai faɗi rana ba, ya dai ce kada mu yi wasa. Da na matsa wa Mma, magana ɗaya ta yi. Ta ce in kai ne ka zo, ta shafa kanka ta ji tabon nan na bayan kunnenka, ka kama hannunta ka kai ta, za ta kwanta su yi abin da za su yi. In ba haka ba, a bar ta da duhunta.

Saboda haka ka zo. Takardunka na zama a can sun fito, ba ka da sauran hujja. Ba tsaraba muke so ba, kada ka tsaya cika akwati. Ni ma na gaji da ganin ka a gilashin waya, ka yi magana ka daskare baki buɗe. Ina so ka zauna a benci na zuba maka waakye ka ce yaji ya yi yawa, in ce tashi ka ba ni wuri. Shekarun nan sun yi tsawo, ƙanena, kewarka ta ishe ni.

Ka gaishe mini da Sadia sosai, ka shafa mini kan jaririya. Maigidana da Hamdia suna gaishe ka, Salimatu ma ta ce a gaishe ka. Mma ba ta ba da saƙo ba. Amma jiya da hantsi ina tsefe mata kai, sai ta tambaye ni ko ka yi ƙiba, ko ka tara gemu, ko furfura ta fara fito maka. Na buɗe baki zan faɗa mata, ta riƙe mini hannu ta ce in yi shiru, in bar mata, ita za ta gani da kanta.

Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same ta da sauran gani.

Yayarka,
Barikisu