Agogon da ke Bayan Waƙar Inna

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taka? Sau huɗu ina kira ba ka ɗauka ba. Na san abin da za ka ce, wai waya murƙushe murya take yi, kunnen da ya shekara talatin a ɗakin sauti na gidan rediyo ba zai jure ba. To ga takarda.

Kawu, na sha kunya. Mawaƙiyar da ta ba ni haɗa sautin waƙoƙinta shida ta dawo min da aikin. A kunnena ya fita tas, amma da ta sa a motarta sai ganga ta ɓace, muryarta ta koma kamar daga cikin gwangwani. Ta ba ni kwana goma. In ban gyara ba wani za ta kai wa, kuma ka san bakin mawaƙa, ba mai ƙara kawo min aiki.

Ina buƙatar sabon hedifon, da kwanbata, ɗan akwatin nan da ke fito da sautin kwamfuta tsaf zuwa kunne. Abin da ke hannuna ba shi da yawa. Mai shago sai tura min wani jan hedifon mai ƙyalli yake yi. Wanne zan ɗauka?

'Yarka,
Kunnen Zomo

Zuwa ga 'yata,

Aminci ya tabbata gare ki. Ƙafa da sauƙi.

Hedifon ɗinki mayaudari ne. Yana kumbura miki ganga, ke kuma kina rage ta, shi ke nan labarin. Jan nan ma ɗan uwansa ne, ki bar wa mai shago abinsa. Mai haɗa sauti ba daɗi yake nema ba, gaskiya yake nema.

Kwanbata kuwa, ki jona ta, kada ki kunna komai, ki murɗa ƙara har ƙarshe. In kin ji shuuu, ki ajiye. In shiru ne, ki saya, ko da ita ce mafi araha a kanta.

Na saka miki memori a ambulan. Innarki ce, Allah ya jiƙanta, tana waƙa a kan keken ɗinki, na naɗi muryarta ba ta sani ba. Da wannan nake gwada kowace na'ura tun kina rarrafe. Abu uku za ki nema: ƙafar keken, numfashin da take ja kafin amshi, da agogon bango can a hagu yana ƙyas-ƙyas. Hedifon da ya haɗiye agogon bai cancanci kunnenki ba.

Ga tsohon hedifon ɗina nan a kwali. Shekara uku ke nan ya daina fito da agogon, ya mutu. Ki ba mai gyara ko zai amfana da wayarsa.

Kawunki, wanda ba a taɓa dawo masa da aiki sau biyu ba.

Zuwa ga Kawu,

Ina gaisuwa. Albishirinka! Mawaƙiyar ta karɓi aikin. A motar dai ta sa, ta saurara har ƙarshe ba ta taɓa maɓalli ba, sannan ta ce, "Ke, ashe haka muryata take?" Ta ce waƙoƙi na gaba ma ni ce. Na taka matakalar sitidiyo kamar ni na gina ta.

Da ka ga yadda na wahalar da mai shago. Kwanbata huɗu na sa ya buɗe, ina zaune ina sauraren shiru. Ya ce, "Hajiya, shirun ma sai an ɗanɗana?" Na ce masa a gidanmu haka ake yi. Wata 'yar baƙa mara ado ce ta yi shiru tsit, kuma ita ce mai arahar, ita na saya. Hedifon bakwai na gwada, biyar sun haɗiye agogon, biyun da suka fito da shi sun fi ƙarfin aljihuna.

Na dawo raina a ɓace. Kafin in kai naka wurin mai gyara sai na ce bari in jona shi a sabuwar kwanbatar. Kawu, ga keken, ga numfashin Inna, ga agogon a hagu ƙyas-ƙyas, ya fi na duk bakwai ɗin fita. Sau uku na maimaita, sai da na yi kuka. Da shi na gyara waƙoƙin duka, soson kunnen kawai na canza.

Lafiyar hedifon ɗinka ƙalau. Na daɗe riƙe da biro kafin in iya rubuta wannan. Ranar Asabar zan zo mu je wurin likitan kunne, kuma ba shawara nake nema ba.

'Yarka mai alfahari da kai,
Kunnen Zomo

'Yata,

Na karanta. Na nuna wa maƙwabcina tela wurin da mawaƙiyar ta yaba miki, sau biyu, har ya gaji da ni.

Na fi shekara ina zargin haka. Wayarki ma ba ƙin ɗauka nake yi ba, ƙarar ce ba na ji.

Ki riƙe hedifon, ya koma inda ake jin sa. Asabar ki zo da shi da memorin. Zan saka, ke kuma ki riƙa buga min agogon da yatsa a bayan hannuna.

Kawunki