Jan Ƙyalle a Farfela

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan mijinki, ya raya abin da ya bari.

Na san ba lokacin magana ba ne, amma wuya ta kai ni. Masu bincike sun ce notin bututun mai ne ya kwance a sama, inji ya mutu, jirgin feshin da mijinki ke tuƙawa ya faɗa gonar auduga. Baban yara bai musa ba: da hannu ya murɗa notin, kafin ya sa sifana aka kira shi gyaran tankin magani. Amma ya rantse ya ɗaura jan ƙyalle a farfela. Ko mai shara a wurin ya san ma'anarsa: aiki bai ƙare ba, kada a tayar. An nemi ƙyallen sama ko ƙasa an rasa. In bai fito ba, kotu za a kai shi. Ko mijinki ya ce miki wani abu ran nan?

Yayarki.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa.

Bai ce komai ba, sai dai tsutsa na cinye audugar mutane kuma an dame shi da waya. Ko shayinsa bai shanye ba. Mijina matuƙi ne, ba makaho ba. Mutum mai baki ya bar wa tsumma saƙo?

An kawo kayansa daga asibiti cikin jaka. Ban buɗe ba.

Ki gaida yara.

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. 'Yan sanda sun tafi da baban yara jiya, da baƙin mai a hannunsa. Auta ta bi mota tana kuka. Don nonon da muka sha, ki buɗe jakar nan. Ni na goya ki, ban taɓa roƙonki komai ba.

Yayarki mai jiran amsa.

Yaya,

Sallama. Na buɗe.

Yaranki suna da uba, ko a gidan yari ne za su gan shi. Nawa sunan ubansu kaɗai ya rage musu, ba zan kai shi kotu ba. Ki yafe ni in kin iya.

Na wanke kayan duka, har da abin da na samu a aljihun wandonsa. Ya zuba a farar rigarsa, ja, ya ƙi fita.

Ƙanwarki.