Goran Yaya Sale

Daren Laraba, Hadejia

Shekara tara ke nan da aka tsamo gawar Yaya Sale daga kogi da rauni a ƙeya. Har yau ba a kama kowa ba. Zuwana na ƙarshe wurin 'yan sanda, wani ya ce mini irin wannan kes ɗin su "wanda ya yi sanyi" suke kiransa: ba a rufe ba, ba kuma a taɓawa. A wurinsu ne ya yi sanyi.

Yau na je Auyo sunan jikan Baba Ilu, abokin kamun kifin Yaya, wanda ya rantse cewa ranar Yaya shi kaɗai ya shiga ruwa, goran da yake hawa kuma ruwa ya tafi da shi. Na zaga bayan rumbu zan yi alwala, sai ga gora a rataye. An ɗinke tsaguwar wuyansa da jar waya, ɗinkin ya kwanta hagu. Yaya bahago ne. Ni na riƙe masa goran ranar da ya ɗinke shi.

Wataƙila Baba Ilu tsintarsa ya yi. To me ya hana shi faɗa, shekara tara?

Ina juyowa na gan shi tsaye da buta.

"Ɗana, ka daɗe ba ka shiga ruwa ba," in ji shi. "Ka zo jibi mu fita su, mu biyu."

Na ce to. Ban gaya wa Inna ba.